Burtsatse a kowane gida, famfon gwamnati ko tankin unguwa: wanne ya dace da sabuwar unguwa a gefen Kano?

Duk wanda ya sayi fuloti a gefen Kano cikin 'yan shekarun nan ya san yadda abin yake tafiya. Bana gona ce ana noma gero, baɗi dillali ya zo da igiya ya yanka ta gida-gida, kafin ka ankara an fara sauke bulo. Ka bi ta Ungogo, ka bi ta Kumbotso, ka bi hanyar Gwarzo ko ta Gezawa, labarin ɗaya ne. Cikin shekara biyar an yi masallacin Juma'a, an yi Islamiyya, an yi shagon caji, amma ba wanda ya zauna ya tambayi inda ruwan shan mutanen nan zai fito, balle inda wanda suka yi wanka da wanki da shi zai tafi.

Unguwarmu irin wannan ce, awon igiya. Da bazara ta tsananta rijiyoyi suka ja baya, 'yan ga-ruwa suka ƙara kuɗin jarka, sai Mai Unguwa ya tara magidanta a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i. Nan take aka rabu gida uku. Wani Alhaji da ya riga ya haƙa burtsatse a gidansa ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa ya yi ta kansa mana. Kayan taro ba ya ƙarko." Wani dattijo tsohon ma'aikaci ya ce a rubuta takarda a kai wa gwamnati, ruwa haƙƙinmu ne, ba roƙo ba. Matasa kuwa suka dage a kan sola da tanki. Ni aka ɗora wa lissafi, saboda na taɓa zama da masu aikin haƙar rijiyoyi. Abin da na gano shi nake so in baje a nan, don na san ba mu kaɗai ke cikin wannan ja-in-jar ba.

Lissafin da ake tsallakewa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya zai rayu da shi, wato sha da girki da ɗan wanke hannu. In ana so wanka da wanki su wadata, sai lita 50 zuwa 100. Mu kuma ga alwala sau biyar, ga tsarki da buta, ga akuya ko tunkiya a tsakar gida.

Mu ɗauki unguwa mai gida 400, kowane gida mutum 10, don lissafi ya yi sauƙi. Mutum 4,000 ke nan. A kan lita 50, ana bukatar lita 200,000 kullum. Ga kuma ɓangaren da ba a son ji: wajen kashi 80 cikin 100 na ruwan da ya shiga gida zai fito a matsayin ƙazanta. Lita 160,000 ke nan, jarka mai cin lita 25 har 6,400, kura mai jarka 12 fiye da 500, kowace rana ta Allah. Wannan ruwan dole ya je wani wuri. In ba a yi masa hanya ba, shi zai yi wa kansa, kuma yawanci ta ƙofar gidan maƙwabci na gangare yake bi.

Sannan unguwa ba ta tsayawa yadda take. In jama'a na ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, za su ninka cikin shekara 24 ko kusa da haka. In kashi 7 ne, shekara 10 ta isa. Unguwar da rabin fulotanta ba a gina ba, ba a auna mata bututu da yawan mutanen yau. A ƙirga har da kangwaye da filayen da aka zagaye da bulo layi biyu aka tafi.

Kowa ya haƙa tasa

Hujjar Alhaji ba ta banza ba ce. Burtsatsen gida ba ya jiran taro, ba ya jiran kwamiti, ba wanda zai ce maka an cinye kuɗin gyara. Ka kira masu inji, kwana biyu ko uku ruwa ya fito, ka zura sumo, wato injin da ke turo ruwan daga ƙasa, ka ɗora tanki. Ga mai hali a unguwar da gidaje ke nesa da juna, da wuya ka ce masa ya yi kuskure.

Sai dai ƙasar Kano ba ta yarda da wannan tsari ba in gidaje suka yi yawa. Birnin da mafi yawan kewayensa a kan dutse suke zaune, irin wanda ya ɓullo fili a Fanisau. Ruwan ƙasa a irin wannan wuri yana kwance ne a cikin ruɓaɓɓen dutse na sama da kuma tsagogin da ke cikin mai taurin. Ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa kamar yadda mutane ke zato. Shi ya sa za ka ga gida biyu jikin juna, ɗaya ya samu ruwa a mita 40, ɗaya ya wuce 80 yana fitar da ƙura. Burtsatse da yawa a irin wannan ƙasa ba sa ba da fiye da lita 1 a sakan, wasu rabin haka ma ba sa kaiwa. In kowa ya zura nasa, tulu ɗaya ake sha da tsinke 400. Wanda ya fara ji a jikinsa shi ne mai rijiyar guga, don tasa ce mafi kusa da sama. Bayansa sai mai gajeren burtsatse. Daga nan sai tsere: kowa ya ƙara zurfi, kowa ya ƙara kashe kuɗi, ruwan kuwa yana nan yadda yake.

Na tsaya a wani gida rabin fuloti na ga an kafa injin haƙa a zaure. Na auna da ƙafata daga bakin ramin zuwa bangon da sokawen maƙwabci yake bayansa: taku shida. Ƙa'idar da masu aikin tsafta suka fi riƙewa ita ce mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin masai ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. Fuloti mai ƙafa 50 faɗinsa mita 15 ne da 'yan kai. To ina za a samo mita 30? Na ce wa mai gidan, "Malam, ka sa su zuba siminti su toshe gefen bututun daga sama har ƙasa sosai." Ya ce masu aikin sun gaya masa ba lallai ba ne. Ba lallai ba ne a wurinsu, tunda ba su za su sha ba.

Ga kuɗi kuma. Burtsatse 400, sumo 400, tanki 400, kowane da janaretansa ko solarsa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, mai tayar da janareta don ya cika tanki ya san ruwan gidansa ba kyauta ba ne. In ka haɗa abin da gida 40 kawai suka kashe, ya isa a yi wa unguwar gaba ɗaya abin kirki.

Jiran famfon gwamnati

Dattijon nan ma yana da gaskiya, kuma gaskiyarsa ta fi ta kowa nisa. Birni mai miliyoyin mutane a kan dutse ba zai rayu da burtsatse har abada ba. Ruwan da zai ɗauki Kano ruwan kogi ne da na madatsa, kuma akwai shi. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako tana iya riƙe kusan mita kubik biliyan 2. Ga ta Challawa Gorge a Ƙaraye, ga ta Watari a Bagwai. Matatar Challawa tun shekarun 1930 take aiki. Sabuwar matatar Tamburawa an gina ta don lita miliyan 150 a rana, ta Watari lita miliyan 75. A takarda, Tamburawa kaɗai a kan lita 50 ta isa mutum miliyan 3. Kuma ruwa ne da aka sa wa alif ya kwanta, aka tace, aka sa kulorin, abin da burtsatsen gida ba ya samu.

Amma rijiya ta bayar, guga ya hana. Tsakanin matata da bakin famfonka akwai wutar da za ta juya manyan injuna, akwai tsofaffin bututu masu yoyo, akwai unguwannin cikin gari da suka riga ka shiga layi. Unguwar awon igiya kuma tana da nata laifin: lungu mai faɗin taku uku, ga kwata a tsakiya, ta ina za a bi da babban bututu? Sai a kwantar da ƙaramin tiyo a cikin kwatar, kamar yadda kowa ya saba gani. Nan haɗarin yake. Muddin ruwa na cikin bututu da ƙarfi, ƙazanta ba ta shiga. Ranar da aka ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa tsotsar ruwan kwata ta duk inda ya tsage. In ruwa ya dawo, abin da ya fara fitowa a famfo shi ne wannan. A 2021 Najeriya ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ba duka ta wannan hanya aka kamu ba, amma hanya ce sananniya.

Don haka a rubuta takardar, a kai, a bi ta. Kada dai a zauna jiran amsa da tulu a hannu.

Tankin unguwa

Wannan na fi tsayawa a kansa, domin shi na zaɓa, kuma shi ya fi saurin mutuwa in an yi shi da ka.

Tsarin shi ne a nemo wuraren da suka fi ruwa a unguwar, ta hanyar binciken ƙasa da na'ura, ba ta hanyar duba ƙofar gidan wanda ya fi ba da gudummawa ba. A haƙa burtsatse kaɗan masu kyau nesa da masai, a haɗa su da tanki babba a kan ƙarfe a wuri mafi tudu, a ja bututu ya bi manyan layuka, a kafa wuraren ɗiba, mai so kuma a ja masa har gida a sa masa mita. Sola ta dace da wannan aiki don ba ya bukatar batir: rana ta fito inji ya ja, tanki ya ajiye, nauyin ruwa ya kai shi gidaje da dare.

To amma a yi lissafi da gaskiya. Burtsatse mai lita 1 a sakan, in sola ta ja shi awa 7, ya ba da lita 25,200. A kan lita 50, mutum 500 ke nan. Unguwarmu ta misali mai mutum 4,000 sai ta nemi takwas irinsa. In aka sauko lita 20 na sha da girki, a bar wanki ga rijiyoyin gida, uku zuwa huɗu sun isa. Duk wanda ya ce maka burtsatse ɗaya da faranti goma na sola za su shayar da unguwa gaba ɗaya, ko bai yi lissafi ba, ko kwangilar yake so. Kafin a sayi inji a sa a ja ruwan kwana guda cur ba tsayawa, a ga inda ya tsaya, kuma a yi gwajin a ƙarshen rani, cikin Afrilu ko Mayu. Burtsatsen da aka gwada a Satumba kowanne gwani ne.

A kai ruwan ɗakin gwaji kafin kowa ya sha, a kuma riƙa maimaitawa. Ruwa na iya zama garau a kofi alhali akwai cuta a cikinsa. Mutanen Tibiri ta kusa da Maraɗi sun ga wannan: wani burtsatse mai zurfi da aka haƙa a tsakiyar shekarun 1980 ya yi shekaru yana ba garin ruwa mai sinadarin fulorayid fiye da kima, har ɗaruruwan yara suka tashi da lalatattun haƙora da lanƙwasassun ƙasusuwa kafin a gane. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa fulorayid ita ce miligiram 1.5 a lita, naitiret kuma 50. Shi naitiret ɗin shi ne ɗan tsegumi: in ya fara hawa shekara bayan shekara a cikin gari, yawanci masai ne ya fara isa rijiya.

Abin da ke kashe tankin unguwa ba dutse ba ne, ba kuma rana ba. Kowa ya san tankunan da ke tsaye a bakin hanya, an rubuta sunan wanda ya ba da su da manyan baƙaƙe, famfunan sun yi tsatsa, yara na lilo a jikin ƙarfen. Sumo ne ya ƙone, ko ɓarawo ya kwance faranti biyu, aka rasa wanda zai fitar da kuɗi. A taronmu da aka ambaci sayar da ruwa sai wuri ya ɗau hayaniya, wani ya ce ruwa sadaka ne. Malam Liman ne ya kashe maganar. Ya ce, "Jama'a, ruwan na Allah ne, ba mai sayar muku da shi. Injin da ke jawo shi kuwa na kanti ne." Aka yi dariya, aka wuce wurin. Dole a karɓi kuɗi a kan kowace jarka da kowace mita, a ɗauki mutum ɗaya a biya shi albashi ya kula da wurin, a ajiye kuɗin a banki da sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata. Gidajen marayu da gajiyayyu a ware musu jarkokinsu kyauta, a rubuta. 'Yan ga-ruwa kuma kada a ɗauke su abokan gaba. Su ne manyan masu saye, su ne kuma za su kai ruwa lungun da bututu bai shiga ba.

Sharaɗi ɗaya nake ƙarawa, wanda shi ne ya haɗa ra'ayin matasa da na dattijo. A kwantar da bututun kamar gobe gwamnati za ta zo ta karɓa: mai kauri, a binne da zurfi, nesa da kwata, a zana taswirarsa a ajiye, a bar baki a babban titi. Ranar da babban bututu ya iso, sai a ɗaura kawai. A Wagadugu ta Burkina Faso hukumar ruwansu, ONEA, ta bi irin wannan hanya a unguwannin da ba a yi wa awon gwamnati ba: tana kai ruwa bakin unguwa ta sayar a dunƙule, ƙananan 'yan kasuwa su raba shi gida-gida su karɓi kuɗi.

Duk wannan maganar ta mai zaune a kan dutse ce. Wanda ke Maiduguri ko Haɗeja ko Sakkwato, inda ƙasa rairayi ce mai riƙe ruwa, burtsatse ɗaya mai zurfi na iya ba shi abin da biyar ba za su ba mu ba, lissafinsa daban ne. Mutumin Damagaram kuwa ya fi mu sanin zafin dutse, tunda ruwan garinsu daga rijiyoyin da ke nesa da gari ake turo shi.

Ina ƙazantar za ta tafi?

A taron nan ba wanda ya ta da wannan magana, har sai da na karanto jarka 6,400. In aka kawo ruwa aka manta da mafitarsa, tsugune ba ta ƙare ba.

Masai na gargajiya, rami da murfi, shi ne mafi araha, kuma inda ruwa ya yi ƙaranci ba abin raini ba ne. Yana aiki in fili na da yalwa, ƙasa ba ta jiƙe ba, rijiya na nesa. Da irinsa da ingantattunsa Jigawa ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta rabu da bahaya a fili, a 2022. Amma a gidan da aka ja famfo aka sa masan zamani, ramin ba zai iya da yawan ruwan ba.

Sai sokawe, wanda kusan kowane sabon gida ke yi. Nan akwai ruɗani. Yadda aka tsara abin tun asali, rami biyu ne. Na farko rufaffe ne, an shafe cikinsa da siminti ba ya yoyo, an raba shi ɗaki biyu, a nan kauri ke kwantawa ya ruɓe. Ruwan da ya taso sama shi ke tsallakawa rami na biyu, ya tsiyaye cikin ƙasa a hankali. Abin da magina da yawa ke yi kuwa rami ɗaya ne mai zurfi, bulo da ƙofofi, gindi a buɗe, sai su yi maka albishir cewa wannan ba zai taɓa cika ba. Gaskiya suka faɗa. Ba zai cika ba saboda abin da ke ciki yana gangarawa inda kake ɗebo ruwan sha. Na gaskiyar ya fi tsada, kuma yana son a yashe shi duk bayan shekara uku zuwa biyar. Wannan ya kawo tambaya biyu da ya kamata a yi tun kafin a zuba dakali: motar yasa za ta iya shigowa lungun? In ta kwasa, ina za ta juye? Muddin amsar ita ce kududdufi ko bakin rafi, an dai ɗauke ƙazantar daga gidanka an kai ta gidan wani. Wanda ya bi gefen rafukan Jakara da Getsi ya ga lambunan latas da alayyafo da ake ba ruwa da abin da gari ya zubar, kuma kasuwa ɗaya muke zuwa.

Akwai masu cewa a yi irin na Abuja. A can, gundumomin tsakiyar birni suna da manyan bututun ƙazanta a ƙarƙashin titi, suna gangarawa da kansu zuwa matatar Wupa, wadda aka tsara don mutum 700,000. Tsari ne mai kyau, amma an shimfiɗa shi ne kafin a gina gidajen, a birnin da aka zana a takarda tun kafin a fara gina shi. Yana son ruwa mai yawa da zai tura kauri, yana son wuta a matata dare da rana. Ko a Abujar, garuruwan gefe irin su Nyanya da Karu yawanci da sokawe suke. A lungunanmu kuma ga yashi da toka na wanke tukunya, ga leda, ga ƙunzugun yara na zamani, duk bututu za su nufa. Unguwar awon igiya ta cire wannan daga lissafinta.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne abin da aka yi a Orangi, wata ƙatuwar unguwar talakawa a Karachi ta Pakistan. Daga 1980 Akhtar Hameed Khan da abokan aikinsa suka raba aikin gida biyu: mutanen kowane layi su zaɓi shugaba, su tara kuɗi, su yi banɗakinsu da ƙaramin bututun layinsu, gwamnati kuma ta yi babban bututu da matata. Gidaje fiye da 100,000 suka shiga. A Barazil ma tun shekarun 1980 ake shimfiɗa siraran bututu masu faɗin milimita 100, ba zurfi sosai, su bi ta bayan gidaje, kuɗinsu bai kai na manyan ba ko kusa. Rauninsa a fili yake: a Orangi an daɗe ƙazantar layuka na zuba cikin rafuka ba tacewa, don ɓangaren gwamnati ya yi jinkiri. Kuma in maƙwabci ɗaya ya toshe, layi duka ya ji wari.

Ƙarshen bututun fa? A ƙasa mai zafin rana irin tamu, mafi sauƙin matata ita ce jerin tafkuna da aka haƙa musamman: na farko mai zurfi inda kauri ke kwantawa, na biyu mai faɗi, na ƙarshe marar zurfi inda rana ke kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan ya yi makonni yana ratsawa, ba inji, ba wuta, ya fito ya yi ban-ruwan itatuwa. Abin da suke ci shi ne fili, wajen murabba'in mita 1 zuwa 3 ga kowane mutum. Mutum 4,000 sai su nemi abin da ya kai hekta guda ko kusa, a gangare, ɗan nesa da gidaje. Gefensa kuma a yi shimfiɗar da motocin yasa za su riƙa juyewa ya bushe.

To wa zai ɗauki wanne?

Inda gidaje ke warwatse, fulotai manya, mutane ba su kai dubu ba, burtsatse biyu ko uku da tuƙa-tuƙa da masai mai kyau sun wadatar, kada a ɗora wa kai abin da ba za a iya riƙewa ba. Inda babban bututun gwamnati ya riga ya wuce ta bakin titi kuma ruwa na zuwa a kai a kai, a ja shi, a ajiye burtsatse ɗaya na ko-ta-kwana. Unguwa irin tamu, mai cika da sauri, rabin fuloti jikin rabin fuloti a kan dutse, tankin unguwa ya fi, tare da sokawe rufaffe da ake yashewa, da niyyar komawa siririn bututu ranar da ruwa ya wadata a kowane gida. Wanda ya riga ya haƙa nasa ba za a ce ya cike ba, amma ya gwada ruwansa, kuma mai ƙarfin cikinsu a yi ciniki da shi ya riƙa turawa tanki. Alhajin nan da ya ce kayan taro ba ya ƙarko, da ya ji za a biya shi, shi ya fara tambayar yaushe za a fara.

A cikin duk abin da na lissafa, ɗaya ne kawai ba a iya sayensa daga baya. Sumo ana canzawa, tanki ana ƙara wani, bututu ana tonewa. Fili kuwa in aka gina shi ya tafi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mun sayi fuloti ɗaya a kan tudu don tanki, mun biya rabi. Mun roƙi masu gini a layuka uku da ba a gama ba su ja baya da taku ɗaya-ɗaya don mota ta shiga. Biyu sun yarda, na ukun an riga an zuba harsashi. Saura filin gangare, inda tsohon kududdufi yake. Dillali ya riga ya kai wa magada tayin cike shi da shara a yanka fuloti goma sha biyu. Mai Unguwa ya je ya same su da kansa, babban wansu ya ce a bari sai an cire amfanin gona su zauna da 'yan'uwansa mata.